Ni Ke Sonsa, ko Wuyana?

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan uwa, kaina ba a daidai yake ba. Na rubuta farkon wannan kashi na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Ku da kuke cika min akwatin saƙo da "Malama, yaushe ne bikin?" ku nemi wuri ku zauna ku karanta. In kun gama, ku ku faɗa min.

Ga wanda yau ne shigowarsa ta farko: ni malamar lissafi ce a makarantar sakandaren 'yan mata. A gida "Lauya" Baba yake kirana, wai tun ina ƙarama ba a taɓa aikena na tafi ban tambayi dalili ba. Sai kuma wani bawan Allah mai makarantar koyon tuƙi, wanda na je wurinsa koyon mota na dawo da abin da ban je nema ba. A wayata Birki na sa masa suna, don a watan farko ban ji wata kalma daga bakinsa ba sai ita. "Birki, Malama. A hankali. Birki. Birki!"

Kafin shi, manema sun zo sun tafi. Ban ce suna da aibu ba. Na dai kafa wa kaina doka, na kuma shelanta ta a tsakiyar falo kowa yana ji: ba zan auri mutum don ya dace ba, sai ranar da zuciyata da kanta ta faɗa min. Umma ta yi nasiha har ta gaji. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda gidanta ke bayan namu amma shayin safe a wurinmu take sha, ta ce boko ne ya cinye min zuciyar, babu abin da ya rage da zai yi magana.

To, sai ga zuciya ta yi magana. Magana ma kuwa da ihu.

Ina shiga motarsa ƙirjina zai hau dukan uku-uku. Tafin hannuna ya jiƙe har sitiyari yana sulɓe min. In na koma gida barci ya ce bai san ni ba. In ci shinkafa faranti biyu, in ƙara da burodi, amma riguna sai zubo min suke yi, har na kai wa tela dogayen rigunana ya rage musu faɗi. Mutane na jan mayafi don sanyi, ni ina gaban fanka ina fifita da littafin darasi. A aji kuwa, in na ja layi a allo sai ya fito kamar tafiyar maciji, 'yan mata suna ƙunshe dariya.

Gwaggo ce ta fara yanke hukunci. Wata safiya ta bi ni da kallo ina zuba shayi rabi a kofi rabi a tire, ta dafa gwiwar Umma.

"Matar yaya, ki daina addu'ar, an karɓa. Yarinyar nan ta kamu."

"Da me, Gwaggo?" na ce.

"Da me? Ji ta! Dubi idonki yadda ya ƙara girma yana sheƙi. Dubi wuyanki. Ga rama, ga rashin barci. Ni ma lokacin marigayi mijina haka na yi, har sai da zobena ya riƙa faɗowa. Wane ne? Direban nan ne?"

"Ba direba ba ne, makaranta ce da shi."

"Kin ji ko? Har ta fara kare shi!"

Umma ta yi dariya har da hawaye. Rabon da in ga ta yi irin wannan dariyar a kaina na manta.

Bari in ɗan tsaya a nan in faɗi abin da ke ci na, don in ban faɗa ba zai shaƙe ni. A gidajenmu mace ba ta ciwo. In ba ta da aure, rashin aure ne. In tana da manemi, soyayya ce. In ta yi aure, ciki ne. In ta manyanta, ai shekaru ne, sai haƙuri. Yarinya tana narkewa a gabanku kamar kyandir, kuna tafa hannu kuna taya ta murna! Babu mai cewa a je a duba. Kuma kada ku ce na tsame kaina. Ni da digirina, ni mai ce wa ɗalibai kada su yarda da amsa sai sun gwada ta, na karɓi maganar Gwaggo hannu bibbiyu. Ta yi min daɗi ne. Wa zai ƙi a ce masa abin da ya daɗe yana jira ya iso?

Da Birki ya furta, a bakin wata mahaɗar titi muna jiran danja ta ba mu hannu, ya ce, "Malama, in ba damuwa, ina so babana ya zo ya ga babanki," zuciyata ta kusa fasa riga. Na ce a raina, shi ke nan, ga amsa. Na gyaɗa kai. Motar ta mutu a ƙafata, na baya suka yi ta danna mana oda.

Aka tsayar da Asabar ɗin nan mahaifinsa zai zo. Baba ya kira ni ɗakinsa, ya cire tabarau ya ɗora a kan jarida.

"Lauya, ni ba zan ba mutane amsar da ba ki ba ni ba. Gyaɗa kai a mota ba magana ba ce. Kafin su iso, ki zo nan ki faɗa min da bakinki."

Na ce to, ina murmushi. A ganina wace wahala ce a ciki?

Farkon makon nan ina tsakiyar darasi, babu Birki, babu mota, babu ko tunaninsa, sai ni da alli da lissafin kusurwa, zuciyata ta ɓalle da gudu. Allon ya yi nisa. Na ji ƙafafuna sun zama na wani. Da na farga ina zaune a ƙasa, shugabar makaranta tana yayyafa min ruwa, 'yan mata sun yi cirko-cirko. Ita ce ta sa ni a motarta sai asibiti. Aka ɗebi jini, aka ce in dawo.

Ran da na koma na tarar da likita mace, mai ɗan jiki, gashin girarta ya fara furfura, irin matan da ba sa gaggawar magana. Ta duba allon kwamfutarta, ta dube ni.

"Miƙo hannuwanki gaba. Buɗe yatsu."

Ta ɗora farar takarda a bayan hannuna. Takardar ta hau rawa kamar ana kaɗa mata ganga. Ta zagaya bayana ta sa yatsu a gaban wuyana.

"Haɗiyi miyau. Yauwa. Sake." Ta koma kujerarta. "Barci fa?"

"Babu."

"Ci?"

"Kamar gara."

"Zafi? Gumi? Saurin fushi?"

"Saurin fushin dai tun asali ne."

Ta murmusa. "Kin san abin da ake kira homon?"

"Ina ji ana faɗa. In mace ta ɗaga murya a ce homon ne ke damunta."

"Maza ma suna da shi, ba a dai faɗa musu ne." Ta jawo takardar nan ta zana mutum, irin zanen 'yan aji ɗaya. "Jiki hanya biyu yake aika saƙo. Ɗaya ta jijiya, kamar kiran waya, nan take. Ɗaya ta jini. Akwai wasu ƙananan gaɓoɓi a warwatse cikin jiki, aikinsu su haɗa sinadari su zuba a jini. Jini ya zaga da shi ko'ina, amma sai wanda aka aiko wa ne yake gane saƙon. Wannan sinadarin shi ne homon. Ga wata nan bayan tumbi, ita ke fitar da insulin mai daidaita sukari. Ga biyu a saman ƙoda, su ne in kare ya biyo ki suke sa ki tsallake katangar da ba ki san za ki iya ba. Ga na ƙwan mace, masu tafiyar da al'ada da ciki. Ga kuma shugabarsu, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar wake, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ita ke ce wa yawancinsu ku ƙara, ko ku rage."

Ta ɗiga biro a wuyan zanen.

"Taki matsalar a nan take. Tayirod sunanta, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Ita ke tsara saurin da jiki zai riƙa aiki: bugun zuciya, ƙona abinci, ɗumin jiki. Jininki ya nuna shugabar tuni ta yi shiru, ta daina cewa a ƙara, amma ita wannan ba ta saurara ba. Sau da yawa garkuwar jikin mutum ce ke kuskure ta riƙa zungurinta. Kin iya mota?"

Na haɗiyi miyau, wannan karon ba don ta ce ba. "Ina koyo."

"To kamar a danne totur ne mota tana tsaye. Inji na ihu, mai na ƙonewa, ba inda aka je. Tun yaushe kika fara jin haka?"

Na lissafa a raina, na sake lissafawa ta wata hanyar ko amsar za ta canza. Ba ta canza ba. Watan da na fara zuwa koyon mota ne. Ko kafin nan da kaɗan? Ko bayan nan da kaɗan? Wallahi na kasa tunawa, kuma duk rayuwata a kan wannan kaɗan ɗin take tsaye.

"Likita," na ce, murya ƙasa-ƙasa, "soyayya fa? Ba ta sa mutum haka?"

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. "Tana sa zuciya gudu, ƙwarai. Na saman ƙodar nan ne ke zubo nasu. Tsoro ma haka yake yi. Ita zuciya gudu ɗaya ta iya, ba ta rubuta sunan wanda ya kore ta."

"Babu gwajin da zai raba? A ce wannan kason na ciwo ne, wannan na mutum ne?"

"Da akwai, da layin ɗakin gwajinmu ya kai bakin titi."

Ta tambaye ni ko ina da asma, na ce a'a. Ta rubuta min magani iri biyu. Ɗaya zai rage wa tayirod ɗin aiki, amma a hankali, sai an yi makonni, kuma shan sa zai iya haura shekara. Ɗayan zai lafar da zuciya da rawar hannu tun a ranar. Ta ba ni lambar waya, ta ce in na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro in dakatar da na farkon in kira nan take, kada in jira gari ya waye.

"Ana samun sauƙi, kada ki tsorata. Aure kuma in za ki yi, ki yi abinki. Ciki ne dai a dakata sai jinin ya daidaita mun zauna mun duba maganin. Wannan kuwa ba maganar da za ki riƙe ke kaɗai ba ce. Shi ma da hakkinsa a ciki."

Na sha ƙwayar farko a bakin famfon asibiti. Kafin la'asar na ji wani abu da na manta da shi: shiru. Ƙirjina shiru, kamar gidan da baƙi suka watse.

A gida na sami Umma da Gwaggo a ɗakin Umma, sun baje kaya a kan gado suna zaɓar abin da zan sa ran Asabar. Doguwar riga ruwan toka mai aikin zare a hannu, da wata shuɗiya mai buɗaɗɗen wuya, ga gyale kala uku, ga akwatin sarƙoƙi a buɗe. Na zauna a bakin gado na faɗa musu komai, har da zanen.

Umma ta dafe ƙirji. "Maƙoƙo? 'Yata?"

"Ba irin wanda kike tunani ba, Umma. Kumburin kaɗan ne. Da magani."

"Kai, likitocin zamani!" Gwaggo ta ce. "In ka je da atishawa sai sun samo maka suna. Yarinya tana son mutum, an ce wuyanta ne. To mu da muka yi namu, wuyan wa ya kumbura?"

"Wataƙila naki ma ya kumbura, Gwaggo, ba a duba ba ne."

"Ji bakinta! Matar yaya, kin ji abin da take faɗa min?"

Umma ba ta ji ba. Ta riga ta ture shuɗiyar rigar gefe, ta jawo mai ruwan tokar don wuyanta a rufe yake, ta kuma zaro wata faffaɗar sarƙa tana gwadawa a maƙogwarona.

"Wannan za ta rufe. Babanki kada ya ji tukuna, kin san shi da faɗin gaskiya inda ba a tambaye shi ba. Shi ma yaron ba yanzu ba. In an gama magana, komai ya zauna, a faɗa masa a hankali."

"Umma, an ce haihuwa sai an jira. In ɓoye masa wannan?"

"Wa ya ce ɓoyewa? Jinkirtawa na ce."

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara a kan gado, sunan Birki ya fito ɓaro-ɓaro. Da can in ta yi wannan ƙarar har kofi na taɓa saki. Wannan karon na dube ta kawai, kamar saƙon kamfanin waya. Ban lura Gwaggo tana kallona ba sai da ta yi salati.

"Kin gani? Kin gani da idonki? Ko gezau ba ta yi ba! Jiya war haka da ta tashi sama. Wallahi maganin nan kashe so yake yi. Ƙwaya ɗaya ta sha ta koma dutse, in ta shanye kwalin ai ko mu ba za ta sani ba."

"Gwaggo, bugun zuciya yake ragewa, ba..."

"To da me ake son? Da gwiwa?"

Umma ta miƙo hannu a hankali ta ɗauke ledar maganin daga cinyata, ta jefa cikin gwangwanin da take ajiye zare da allura, ta danne murfin.

"Bayan Asabar ki ci gaba. Kwana nawa ne? Shekara nawa muna jiran ranar nan, ba zan bari ƙwaya ta ɓata min ita ba."

Ku ji fa! An gwammace in tsaya gaban Baba zuciyata tana neman tsayawa, muddin bakina zai ce e. Kuma ba mugunta ba ce, shi ne abin da ya fi ƙona min rai. So ne. Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi da ita. Abin da ba su sani ba, tun a asibiti na raba maganin biyu, rabi yana cikin jakar makaranta tsakanin takardun jarrabawa. Ban fasa sha ba ko sau ɗaya.

Na shiga ɗakina na buɗe saƙon.

"Malama, lafiya? Ba ki zo darasi ba. Motar tana cigiyarki."

Wani saƙon ya biyo baya: "Na gyara madubin da kika karya. Kada ki sa a ranki."

Haka yake. Bai taɓa turo min hoton fure ba. Na riƙe wayar ina jiran ƙirjina ya ce wani abu. Shiru. Na koma can sama na karanto tsofaffin saƙonninmu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taɓa haƙori da harshe ya ji ko yana ciwo. Na yi murmushi a wurin da ya ce in daina gaishe da masu tafiya a ƙasa da oda. Amma murmushi so ne? Ina yi wa mai gadin makarantarmu ma murmushi.

Na rubuta: "Ka zo gobe da yamma. Akwai magana."

"To. In zo da tsoro ko in bar shi a gida?"

"Ka zo da shi, ko da za a buƙata."

Ya zo bayan la'asar, a farar motar koyon nan mai jan harafi gaba da baya, wadda gefen fasinja ma yake da nasa birkin. Na sa shuɗiyar rigar da Umma ta ture, ban sa sarƙa ba. Ina fita na ga labulen tagar falo yana motsi, na san Gwaggo ta kama wurin zama.

Ya fito ya ba ni kujerar direba kamar kullum, ya zagaya ya zauna a tasa. Farar riga ce a jikinsa, an goge ta har tana da kaifi, sai dai maɓallin hannu ɗaya ba irin sauran ba ne. Ban tayar da motar ba. Na ɗora hannu a sitiyari. Ya buɗe aljihun gaban mota ya ɗauko ɗan ƙaramin tawul a ninke, ya miƙo, sai ya tsaya yana kallon hannuna.

"Yau ba kya buƙata," ya ce.

Sai a lokacin na gane ashe tawul ɗin nan ba na mota ba ne. Don ni yake ajiye shi, yana wankewa yana dawowa da shi.

Na faɗa masa. Ban rage komai ba: faɗuwar aji, takardar da ta yi rawa, malam-buɗe-littafin da ke wuyana, shekarar magani, jiran haihuwa. Har totur ɗin na faɗa masa, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya saurara yadda yake sauraron inji.

"Yana warkewa?"

"An ce ana samun sauƙi."

"Alhamdu lillahi. To shi ne maganar? Haihuwa ai ba tsere ba ce, Malama. Ni da na jira ki koyi ribas, me zai gagare ni jira?"

Na so in yi dariya, na so in tsaya a nan. Da na tsaya a nan da yanzu hotunan zobe nake turo muku. Amma bakin nan nawa bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba.

"Ba shi ke nan ba. Ranar da na gyaɗa maka kai, zuciyata ce ta buga na ce amsa ce. Duk abin da na riƙe hujja cewa ina sonka, likita ta nuna min shi a takardar gwaji. Rashin barcin, ramar, rawar hannun, duka."

Ya kalli gilashin gaba. Wata mata ta wuce da yaro a hannu, mai keke ya wuce.

"Yanzu da kika sha maganin," ya ce a hankali, "da kika gan ni, me kika ji?"

Na laluba. Allah ya sani na laluba ko'ina.

"Ban sani ba. Ba na jin gudu. Ba na jin tsoro. Na ji dai... kamar na zauna. Ban san ko shi ne so ba, ko kuwa rashinsa ne. Ban taɓa sanin ka da lafiyayyar zuciya ba."

Ya gyaɗa kai. Ya sake ninke tawul ɗin da yake a ninke.

"Da farko na ɗauka tsoron mota ne," ya ce. "Duk ɗalibai suna yi. Da na ga kin iya tuƙi bai daina ba, sai na ce ko ni ne." Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Na ji daɗi ƙwarai da na ɗauka ni ne. Har na faɗa wa babata."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Ban ce a'a ba fa," na ce da sauri.

"Ba ki ce e ba kuma. Ni kuwa ba na ba ɗalibi takardar shaida ranar da ba shi da lafiya, ko ya ci ko ya faɗi. Ba adalci." Ya mayar da tawul ɗin ya rufe aljihun. "Ki sha maganinki. Kada ki bari kowa ya hana ki. Maganar gobe ki bar min."

"Me za ka ce musu?"

"Ki bar min, Malama."

Na fito, ya dawo kujerar direba. Ya kunna sigina kafin ya hau titi, a layin da babu kowa sai shi. Na tsaya a bakin ƙofa har ya sha kwana.

Ban san lokacin da kukan ya zo ba. Na wuce Gwaggo tana "Me ya ce? Me kika ce masa?" na shige ɗaki na murɗa makulli. Kuka nake yi kamar an yi min mutuwa, amma ƙirjina lafiya lau, yana tafiya a natse kamar ba a jikina ake yi ba. Wani abu ne dai can ƙasa da shi yake murɗawa, wurin da likita ba ta zana komai ba. Na ce yauwa, ga shi, wannan kam nawa ne! Sai wata zuciyar ta ce, haka kika ce wancan karon.

Na ɗauko lambar da aka ba ni don zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, na rubuta ba kunya: "Likita, don Allah yawan kuka yana cikin alamomin?"

Ba a jima ba ta amso: "Yana iya zama. Yana kuma iya zama ba shi ba ne. Akwai zazzaɓi?"

"Babu."

"To ki yi kukanki."

Ina riƙe da wayar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba bugun Gwaggo ba ne. Na share fuska na buɗe. Baba ne tsaye, tasa wayar a hannu, ya toshe bakinta da tafinsa. Umma tana bayansa ta ɗora hannu biyu a ka, Gwaggo ta riƙe bango.

"Lauya, mahaifin yaron nan ne a kan layi," ya ce, muryarsa ƙasa. "Haƙuri yake ba ni. Wai ɗansa ya shigo yanzu ya ce a fasa zuwa gobe. Ya tambaye shi dalili, ya ce shi ne bai shirya ba, laifinsa ne, ke ba ruwanki. Dattijon nan kamar zai yi kuka don kunya, yana cewa bai haifi mai wasa da 'ya'yan mutane ba." Ya dube ni, ya dubi wuyana da babu sarƙa. "Haka ne? Yaron ne ya janye?"

Umma ta girgiza min kai daga bayansa, idonta yana roƙona. In na yi shiru, na fita fes: ba ciwo, ba tambaya, an yaudari 'yar mutane, kowa ya tausaya min. Shi kuma ya ɗauki sunan mayaudari a gidansu da namu, ya ci gaba da cewa "birki, birki" a titi kamar ba komai.

Har yanzu ban san ko ina sonsa ba, 'yan uwa. Na rantse ban sani ba.

Na miƙa hannu.

"Baba, ba ni wayar."